Asakaram, ɗakin halwa a ƙarshen hanyar ƴan cin rani

Da zarar hatsi ya shiga rumbu, samarin Tebaram da ƙauyukan arewacin Adar sukan ɗaure kaya. Wasu su yi Abijan, wasu su hau mota a Tawa, su bi Abalak, Agadas, Arlit, Asamaka, har Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. Kaɗan cikinsu suka san cewa wajen kilomita 80 gaba da wannan gari, bisa tudun Asakaram mai tsawon fiye da mita 2.700, akwai ɗan ɗakin duwatsu da aka gina don a yi shiru gaban Allah.

Mai ɗakin shi ne Charles de Foucauld, tsohon hafsan sojan Faransa da ya yar da addini tun ƙuruciya. Ganin Musulmi suna salla a Maroko a 1883 da 1884 ya taɓa zuciyarsa. Ya koma Kiristanci a 1886, ya zama limamin Katolika a 1901, ya sauka Tamanrasat a 1905. Ibadarsa ta yi kama da halwar malamanmu, sai dai ba ƙidayar wuridi: durƙuso ne na awoyi, shi kaɗai, baki rufe, gaban gurasar da aka keɓe.

Amma kaɗaici bai ɗauke shi inda ya zata ba. A farkon 1908, ana tsakar fari, ciwo ya kwantar da shi har ya fidda rai. Buzayen da ya zo domin ya taimaka su ne suka zagaya neman awakin da ke da sauran nono, suka shayar da shi har ya tashi. Ɗakin Asakaram kuwa, wata biyar kawai ya zauna cikinsa a 1911, sanyi da ƙarancin guzuri suka saukar da shi. Bai mayar da kowa cikin Buzaye Kirista ba; abin da ya bari shi ne babban ƙamus na Buzanci da Faransanci.

Shirun nasa bai raba shi da mulkin mallaka ba, don bai daina rubuta wa hafsoshin Faransa labarin ƙasar ba. An harbe shi a ƙofar gidansa ran 1 ga Disamba 1916, watan da Kawsan ya yi wa Agadas ƙawanya. Mabiyansa, Ƙananan Ƴan'uwan Yesu, sun hau tudun da zama a 1955, Paparoma Faransis kuma ya sa shi cikin waliyyan Katolika a 2022.