Yawa a Bakin Mutanen Finlan

Mai koyon harshen Finlan yakan yi turus ranar da ya so ya ce abu ya yi yawa. Ruwa a wurinsu vesi ne. Amma a ƙasar nan mai tafkuna kusan 188,000, kalmar ba ta zama haka in ana maganar yalwa, sai ta koma vettä, a ce paljon vettä, ruwa mai yawa. Wannan siga, partitiivi, ɗaya ce daga sigogi 15 da suna ke ɗauka, kuma aikinta nuna wani ɓangare na abin da ba a yanke masa iyaka ba.

Sifa ma takan bi sahu. In ruwan mai sanyi ne, kylmä ta sauya: paljon kylmää vettä.

Abin ya fi daɗi wajen täynnä, wato cike. A watan Agusta, lokacin da kowa ke da ikon shiga daji da bokiti ya tsinki 'ya'yan itatuwa ko da filin na wani ne, akan ji an ce metsä on täynnä marjoja. Daji ya cika maƙil, amma marjoja, wato 'ya'yan itatuwan, tana sigar ɓangare, domin ba wanda ya ƙirga su, ba kuma mai tsince su duka. Tsari ne da hankali ke kwanciya da shi.

Ƙidaya ce ta fi ba ɗalibi wuya. Littattafai biyu kaksi kirjaa ne, ɗari kuma sata kirjaa, sunan na nan a tilo, jam'i bai shigo ba.