Ba Alawa Ce Ta Jawo Wa Ɗanki Ciwon Suga Ba

'Yan uwana iyaye mata, a wajenmu ciwon suga na manya ne, na Alhaji mai tumbi da Hajiya mai ƙiba. Shi ya sa duk uwar da aka gaya wa ɗanta ɗan shekara shida na da shi, tambayarta gare ni ɗaya ce: "Sista, ko alawar da nake saya masa ce?" Wata ma tun daga gida uwar miji ta gama yanke mata hukunci.

Ba alawa ba ce. Nau'in da ya fi kama yara shi ne na ɗaya, inda garkuwar jikin yaron da kanta ke afka wa ƙwayoyin da ke samar da insulin har su ƙare. In babu insulin, suga sai ya taru a jini, yaro yana ci yana ramewa.

Masana sun daɗe suna neman rigakafi. Tun 2004 binciken TEDDY ya bibiyi yara sama da 8,000 a Amurka, Jamus, Finland da Sweden tun suna jarirai, aka ga alamar cutar na bayyana a jini shekaru kafin yaro ya kwanta. Wani binciken, TRIGR, ya gwada sauya wa jarirai madarar gwangwani, sakamakon 2018 ya nuna hakan bai hana cutar ba. A 2022 Amurka ta amince da maganin teplizumab, wanda ke jinkirta zuwanta da kimanin shekara biyu, amma ba ya hana ta gaba ɗaya.

Wannan gwajin da maganin ba su iso hannun talaka ba tukuna. Abin da muke da shi a Dutsin-Ma shi ne idon uwa. Nakan karɓi yara daga ƙauyukan Kurfi bayan an sha ba su maganin maleriya da jiƙo, sai sun fara amai da numfashi sama-sama ake ɗauko su. A wannan matakin rai na cikin haɗari.

Ki lura da ƙishirwar da ba ta yankewa, yawan fitsari, rama, da fitsarin kwance ga yaron da ya riga ya daina. In kika ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, kada ki jira gari ya waye sau biyu. Ki kai shi asibiti ki ce a gwada masa suga. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, minti guda bai cika ba.

In an tabbatar, allurar insulin ce kullum, ba a fashi ko da ya warware. In babu firiji, ki kulle ta a leda ki ajiye a randa mai sanyi. Da ita yaro zai yi karatu, ya girma kamar kowa.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.