Hunturun mai ƙaramin aljihu

A Amurka, idan kakar wasan bezbol ta ƙare, filaye kan yi tsit, ofisoshi su ɗauki zafi. A lokacin ne kwantaragi ke cika, kowane ɗan wasa ya san farashinsa.

Hunturun 2001 ya zo wa ƙungiyar Oakland Athletics da ɗaci. Bayan ta ci wasanni 102, gwanayenta uku suka kama gabansu: Jason Giambi, Johnny Damon da Jason Isringhausen. Giambi kaɗai, New York Yankees ta ba shi dalar Amurka miliyan 120 na shekara 7, alhali albashin ƴan wasan Oakland duka kusan miliyan 40 ne a shekara.

Babban manajanta, Billy Beane, bai nemi wani Giambi ba, don aljihu ba zai ɗauka ba. Alƙaluma sun nuna masa cewa mai bugun da ke da wuyar fitarwa, ko ba shi da suna, darajarsa ta fi kuɗinsa. Sai ya ɗauko Scott Hatteberg, wanda ciwon gwiwar hannu ya rage wa jifa, a kan abin da bai kai miliyan ɗaya ba, aka koya masa tsaron tasha ta farko.

A 2002 Oakland ta ci wasanni 103, har da 20 a jere. Bugun Hatteberg ne ya cika na 20. Kofi kam bai samu ba: Minnesota ta fitar da ita a zagayen farko. Daga baya masu kuɗi suka koyi lissafin, arahar ta ƙare. Bayan kakar 2024 ƙungiyar ta bar birnin Oakland.