Dubiyar Wata Na Uku

Duk wadda ta taɓa jinya ta san ciwo mutum ɗaya yake kamawa, amma gida guda yake kayarwa. Satin farko ƙofar ɗaki cike take da takalman 'yan dubiya, wannan ta kawo lemo, waccan ta kawo kunu a fulas. In an shiga wata na uku kuwa, sai ki tarar da matar gida ita kaɗai tana auna sauran geron da ke buhu. To a kan wannan wata na ukun nake son mu tattauna.

A shekarar 2023 malamin lissafi na makarantar da 'yata take a Kankia, mutumin Kusada, ya kwanta ciwon ƙoda. Ciwon nan in ya yi tsanani sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a sati, kowane zuwa da kuɗinsa, kuma sai an kai shi Katsina ko asibitin Malam Aminu Kano. Ga shi a watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Ina albashin malami zai kai? Kafin kaka matarsa ta sayar da tumakinta da 'yan kunnen aurenta.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta yi taro, maza suka yi karo-karo aka kai musu, Allah ya saka da alheri. Sai dai sati biyu kuɗin suka yi. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai a bakin makaranta ce ta tare mu a hanya ta ce, "'Ya'yan nan, ku da kuka iya adashin biki, me zai hana ku yi wanda kwasarsa kullum gidan Malam za ta?"

Haka kuwa aka yi. Kowace mace ta faɗi abin da za ta iya zubawa duk Juma'a ba tare da ta takura ba, mata biyu suka riƙe littafi. Malamai suka ware nasu duk ƙarshen wata. Da kaka ta yi, ɗalibai suka riƙa zuwa da tiyar gero ko ta wake daga gida. Wani uba direba ya ce kujera biyu a motarsa na Malam ne. Sharaɗi ɗaya muka kafa: ba shela, ba ɗaukar hoto. Mace ɗaya ke kai saƙon Kusada, ta shiga har ɗaka ta sa a ƙarƙashin filo. Ranar da layi ya zo kaina, matar ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, wallahi jiya ban san abin da zan ɗora ba, kuma ba zan iya roƙo ba."

Malam ya cika bayan wata goma sha ɗaya, Allah ya jiƙansa. Ba mu tsayar da zubi ba sai da ta fita takaba, kwasar ƙarshe aka saya mata keken ɗinki.

'Yar uwa, mu da muke fitar da anko kala biyu a biki ɗaya, ba za mu ce babu ba. Ki duba malamin da ke koyar da ɗanki, ko malamar Islamiyyar unguwarku. In ciwo ya kwantar da ɗayansu, kar ki tsaya a "ya jiki" ta ranar farko. Ki nemi maƙwabtanki ku ware kaɗan da za ku iya ɗorewa a kai, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.