Kusada: Hatsin Wace Shekara Ce A Tukunyarki?

In Allah Ya kai ki hanyar Kano zuwa Katsina da kaka, kada barci ya ɗauke ki bayan kin wuce Tsanyawa. Daga Yashe zuwa Gidan Mutum Ɗaya kina cikin ƙasar Kusada, ƙasar Bebejin Katsina, maƙwabciyar Kankiya da Ingawa. Ki sauka ki nemi mai kai ki cikin ƙauyuka, ko Mawashi ko Kofa ko Dudunni. Abin da za ki fara gani shi ne dammunan gero jingine da katanga, dawa tana tsaye a gona ta sunkuyar da kai tana jiran ɗari, sai rumbuna a bayan gida da hulunansu na ciyawa.

Mu mutanen birni mun ɗauka gero gero ne. Mu miƙa kuɗi a auna mana tiya biyu, shi ke nan. A Kusada tsohuwa takan ɗibi tsaba a tafin hannu, ta ciza ƙwaya ɗaya, ta gaya miki ko ta bana ce ko ta bara, har ta ƙara da yadda daminar ta kasance. Ba duba take ba. Kowace damina tana barin shaidarta a jikin hatsi, kuma wannan shaidar ce ke yanke ko zai yi shekara uku a rumbu ko kuwa a ci shi kafin bazara.

Gero ba ya son dogon zance, cikin kamar kwana 90 ya gama. Shekarar da ruwa ya sauka da tsari, ya samu marka a watan Agusta, sannan rana ta buɗe lokacin da zangarniya ke nuna, ƙwaya takan cika ta yi tauri, ki ciza ki ji ƙaras. Irin wannan shi ake turawa can ƙasan rumbu a manta da shi. In kuwa ruwa ya ɗauke ana tsakiyar zuba ido, ƙwayar sai ta tsumbure. Ba ta ruɓewa, tunda a bushe take, amma ki surfa tiya guda ki ga rabin wahalarki ta tafi a dusa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na uku, wato shekarar da ruwa ya ƙi tafiya. An yanke gero an shimfiɗa a gona ya sha iska, sai hadari ya taso ya jiƙa shi, gobe ma haka. Zangarniya ta yi baƙi-baƙi, wata har ta fara tsiro. Manomin Kusada ya san wannan ba na ajiya ba ne, shi ake fara sussukawa. Matsalar ita ce shi ne kuma ake fara kaiwa kasuwa, ya shiga buhu ya iso unguwarku ba tare da kowa ya rubuta tarihinsa a jiki ba.

Dawa tata lissafin daban. Farfara da kaura irin na gargajiya suna jan lokaci, sai ruwa ya ɗauke suke ƙarasa nuna da sauran danshin ƙasa, a girbe su cikin busasshiyar iska wajen Nuwamba. Shi ya sa suke jure ajiya. Amma in damina ta yanke da wuri a Satumba, su ke fara jin jiki. Iri mai saurin nuna yakan tsere wa fari, sai dai in ruwa ya zarce yakan nuna cikin jiƙa ya yi hunhuna. Manomi yana caca ne da sama, kuma yakan shuka biyun don kada ya faɗi duka.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. Masu gonakin inabi na Bordo a Faransa suna buga shekarar girbi a jikin kwalba, don zafin da aka yi a 2003 ko sanyin da ya ƙone toho a Afrilun 2021 yakan sauya ɗanɗano da tsawon ajiya, ya sauya farashi. Abin da ke cikin kwalbar ba namu ba ne, ba kuma shi ya kawo ni ba. Kishin da nake yi shi ne su mai saye ya san shekarar abin da ya saya, mu kuwa da muke ɗura wa jariri koko ba mu sani ba.

Kakanninmu ma suna sa wa shekaru suna, sai dai yawanci na wuya ne. Yunwar Kakalaba ta wajen 1914 har yau ana ambatonta, kuma duk dattijon da kika zauna da shi a ƙasar nan zai ba ki labarin farin 1973 da na 1984. Gidan da ya tsira da mutuncinsa a irin waɗannan shekaru shi ne mai tsohon hatsi a rumbu. Da zangarniyarsa ake ajiye shi, ba a sussuka sai za a ci, dabarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar. Ƙaiƙayi yana kare ƙwaya, iska tana ratsa dami, ƙwaro ba ya samun hanya kamar yadda yake samu a buhun tsaba.

Yanzu bari in sa farar rigata ta asibiti. Hunhunar da ke kama gyaɗa da masara tana iya fitar da guba mai suna afalatoksin. Fari a ƙarshen damina yana raunana gyaɗa tun tana cikin ƙasa, danshi bayan cira kuma ya ƙarasa aikin. Gubar ba ta da wari, kuma tafasa ba ta kawar da ita. Tana taɓa hanta sannu a hankali, an kuma danganta ta da ciwon dajin hanta da tsumburewar yara. Kunun gyaɗar da kike dama wa ɗan yaye da kyakkyawar niyya, in da ƙwayoyi masu ɗaci, masu yamushi ko sauyin launi aka yi shi, gara babu. Ki zauna da faifai ki tsince. Waɗanda kika fitar kuma kada a mayar da su ƙuli-ƙuli, kada a zuba wa saniyar tatsa, don gubar tana bi ta nono. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan, in maigida na noma ki tuna masa.

Wake shi ba ya tsufa da kyau ko a shekarar albarka. Na bara yakan cinye miki gawayi bai nuna ba, ga ƙwari. Wannan ne ke sa wasu 'yan kasuwa zuba masa maganin ƙwari irin su Sniper, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba, in dai waken ya bushe sarai kafin a ɗaure. Ki shinshina wake kafin ki biya. In warin magani ya bugi hancinki, ki ajiye masa kayansa.

Garin gero kuma kada ki niƙa na wata guda. Yana da maiƙo, kwana kaɗan ya fara ɗaci, ko da hatsin na shekara mai kyau ne.

Ga gwajin da za ki iya yi a ɗakin girkinki kafin ki ɗaure buhu. Ki sami busasshiyar kwalba mai murfi, ki zuba hatsi kamar sulusinta, ki ƙara gishiri cokali biyu wanda kika shanya ya bushe ƙayau. Ki rufe ki girgiza, ki ba shi 'yan mintuna, ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin da sauran ruwa, a mayar da shi tabarma ya ƙara kwana biyu a rana. A tabarma ko leda na ce, ba a gefen kwalta ba, inda awaki da tayar mota ke bi ta kai.