Mai Marsandi a Ƙarƙashin Marsandi

A garejin da na fara kai motata a Hamburg, awa ɗaya ta bakanike Yuro 190 ce. Kuɗin hannu kawai ke nan, ba a sayi ko noti ɗaya ba. Na ce a yi mini lissafin juye, da birkin gaba, da canjin ruwan birki. Takardar ta fito da jimillar da ta haura Yuro 1,100, alhali motar gaba ɗayanta Yuro 3,500 na saye ta. Na fara juya kuɗin zuwa naira a zuci, sai na fasa, don ina da hawan jini a dangi.

Motar Marsandi ce E 320, ƙirar 2004, mai silinda shida, da kujerun fata da katako a gaban direba. A Jamus irin waɗannan tsofaffin motocin alfarma arha ne, har ƙaramar mota mai shekarunsu ta kan fi su kuɗi, domin kowa ya san inda gizo ke saƙar. Farashin motar ya faɗi, amma kuɗin riƙonta yana nan daram inda yake tun ranar da wani attajiri ya fitar da ita sabuwa.

Ba sai na faɗa wa kowa yadda muke yi a gida ba. Ka kira Oga bakanike, ya turo yaro ya ɗauki mota, a leƙa kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa, da yamma ku yi cinikin kuɗin aiki kuna raha, ka ƙara wa yara na abinci. Mai Marsandi a Kano ba ya buɗe bonet. In aka gan shi da baƙin mai a farce, kafin magariba unguwa ta gama yanke hukuncin cewa karayar arziki ta zo. A nan kuwa maƙwabcina likitan haƙori ne, kuma duk watan Oktoba da lokacin Ista zan gan shi durƙushe a gaban gidansa yana canja tayoyin sanyi da na rani da hannunsa, yana fito abinsa. Ganin haka ya rage mini kunya, takardar garejin kuma ta ƙarasa sauran.

Akwai wani irin gareji a nan da nake fatan ganin irinsa a gida, ko da yake ban san wa zai shiga ba. Babu mai yi maka aiki. Wuri kake haya da awa, wajen Yuro 15 a inda nake zuwa, a ba ka injin ɗaga mota da akwatin kayan aiki. Kowace sifana an zana siffarta a jikin allo, in ba ta koma mazauninta ba mai wurin zai gani tun daga ƙofa. Wani dattijo Baturke ne mai wurin, ba ya taɓa motar kowa, sai dai ya tsaya bayanka da kofin shayi ya yi gyaran murya in ya ga za ka yi ɓarna. Ranar Asabar wurin cike yake da ɗalibai, da direbobin tasi, da tsofaffin da ritaya ta gundura, kowa kansa a ƙarƙashin motarsa, waya a jingine tana nuna bidiyon YouTube.

Wanda zai fara, ya fara da juye, don shi ne aikin da ya fi sauƙi kuma ya fi saurin mayar da kuɗi. A wannan injin ma ba sai an shiga ƙasa ba. Filtar mai a sama take, a gaban inji, kuma da ɗan famfon zuƙa ake janye tsohon man ta bututu, bayan an ɗan ɗumama injin. Lita 8 yake sha. Kada a tsaya ga sunan kamfanin mai ko kyan galan, a juya bayansa a nemi lambar amincewar Marsandi, 229.5. Sabuwar filta tana zuwa da zobban roba, a canja su duka, a shafa musu ɗan mai kafin a ɗaura. Motar ba ta da sandar gwada mai, a allon gaban direba ake karantawa, kuma sai a fili mai daidai, bayan injin ya huta wasu mintoci. Tsohon man kuma ba a zuba shi a kwata. Doka ta tilasta wa duk shagon da ya sayar maka da mai ya karɓi tsohon kyauta gwargwadon abin da ka saya, saboda haka a adana rasit. Juye a bakin titi kuwa tara ce, kuma kada ka yi zaton babu mai kallonka ta taga. Batir ma haka: in ka sayi sabo ba ka kawo tsoho ba, za a riƙe maka Yuro 7.50 sai ka kawo. Kada ka neme shi a gaba, babban batirin wannan motar a but yake.

Kayan aiki ba sa buƙatar dukiya, amma akwatin da ya yi wa Fijo hidima ba zai yi a nan ba. Yawancin ƙusoshin masu kan tauraro ne, Torx, na ciki da na waje, kuma in ka tilasta musu sifana ta yau da kullum kansu zai cinye, aikin awa ya koma na wuni. Sai sifanar awo, wadda ake saita mata ƙarfin ɗauri ta yi ƙas in an kai. Ƙusoshin taya a kan 130 ake ɗaure su a ma'aunin da ke jikinta. Ita ce abin da ya fi ba ni kishi a duk akwatin. Sau nawa na tsaya a hanyar Zariya ina tsalle a kan wilsifana saboda wani yaro ya ɗaure taya da bututu da dukan nauyin jikinsa? In a gida za ka ɗaga mota, jak aikinsa ɗagawa ne kawai, a sa mata ƙafafun ƙarfe kafin ko hannu ya shiga ƙarƙashi. Sannan ƙaramar na'urar karanta laifi da ake soka wa a ƙasan sitiyari. Mai arha injin kaɗai take gani, a ƙara kuɗi a sayi wadda take shiga birki da giya da sauran kwamfutocin motar.

Birki ne inda na fi son sabon shiga ya nutsu. Wannan ƙirar, daga 2002 zuwa 2006, tana da birkin lantarki da ake kira SBC, wanda kamfanin ya daina sa mata daga baya. Yana da famfonsa, kuma yakan farka ya gwada kansa da zarar an buɗe ƙofa ko an danna makulli, ko da injin a kashe yake. In lokacin an cire takalman birki kuma yatsunka suna ciki, fistin zai fito da ƙarfin da ba ya tambaya. Dole a kashe tsarin da na'ura kafin a kwance komai, a ajiye makulli nesa, a hana yara taɓa ƙofa. Dattijon nan bai taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan wannan. Da na kiyaye, faifai biyu da takalmansu masu kyau ba su kai Yuro 200 ba, aikin ya ci mini yini, bayana ya yi kwana biyu yana ƙorafi. Ruwan birkin kuwa na bar wa masu na'urar da ta dace.

Wajen kayan gyara, gaskiya sun fi mu kwanciyar hankali. Babu yaron da zai tafi kasuwa da tsohon ƙarfe a hannu yana gwadawa da ido. Lambar jikin mota mai harufa 17, ko lambobi biyun da ke cikin takardarta, su za ka rubuta a intanet, abin da ya dace ya fito. Kamfanonin da ke ƙera wa masu haɗa motoci kaya, irin su Mann da Mahle a filta, ATE a birki, Lemförder a ƙafa, suna sayar da nasu a kwalinsu da rahusa. In ba shi ba ne, kana da kwana 14 ka mayar. A dai kula da lissafi: injin silinda shida ne amma fulogi 12 yake ci, biyu-biyu. Sifirin ƙafa, da jakar iska, da gas ɗin sanyi, da cikin giya, waɗannan ba na ɗan koyo ba ne. Duk shekara biyu kuma motar za ta je gwajin TÜV, inda wani zai haska aikinka da tocila, ba ruwansa da wanda ya yi.

Duk da haka, akwai ranar da na yi kewar gida har raina ya ɓaci. Altaneta ta fara wasa, kowa a nan amsarsa ɗaya ce, a cire a sa wata. Na tuna mai rewaya na bayan layinmu, wanda zai farke ta a kan buhu, ya canja ɗan gawayin da ya cinye, ya mayar kafin ka shanye lemo. Oga kuma sukudireba yake ɗorawa a jikin inji, ya kara kunne a ƙotarta, ya faɗa maka abin da ke kuka. Wannan ilimi ne, kuma a nan ya kusa ƙarewa, domin a Yuro 190 babu wanda zai biya a zauna ana sauraron inji.

Na sha komawa kan kuɗin nan ina neman wanda zan zaga, ban samu ba. Harajin kashi 19 cikin ɗari ake ɗorawa a kai. Akwai inshorar lafiya da fanshon ma'aikaci, da hayar wuri, da na'urori, da garantin aiki. Ɗan koyo shekara uku da rabi yake yi, yana zuwa makaranta, ana biyansa albashi, kuma ba kowa ke buɗe gareji ba sai mai takardar ƙwarewa. Bakaniken kansa kaɗan ne ke shiga aljihunsa. Arhar da nake kewa kuwa, in za a faɗi gaskiya, a wuyan yaron nan take, wanda yake wuni a ƙarƙashin mota da silifa, ladansa kuɗin shinkafa da wake. Sanin haka bai hana ni jin zafin takardar ba.

Kusan duk mako sai na tarar da ɗan kati a maƙale a gilashin ƙofa, na masu sayen tsofaffin motoci su loda a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Na ba Oga labari a waya, ya yi dariya.

“Alhaji, ai tamu ce, aro suka ba ka. In ta gaji da sanyi ka turo mini ita, in cire mata tamostat, in haɗa fanka kai tsaye, ta huta.”

Na ce, “Oga, a nan in ka cire shi, a watan Janairu sai ka daskare a kan sitiyari.”

“To, ai shi ya sa na ce in ta zo.”

Na ce masa mai zuwa gida zai taho masa da sifanar awo. Ya yi godiya sosai, ya yi wa iyali addu'a, sannan ya ce in da hali a musanya masa da na'urar karanta laifi, wadda take shiga birki da giya. Ƙarfin ɗauri dai, in ji shi, shekara talatin hannunsa yana sane da shi.