Teburin da babu cokali: Ziyara zuwa gidan dafaffen abincin ruwa a Louisiana

Idan Allah Ya kai ka kudancin jihar Louisiana ta Amurka tsakanin watan Maris da Mayu, za ka tarar da iyalai sun kewaye dogayen tebura da aka shimfiɗa wa takarda, babu faranti babu cokali, kowa ya naɗe hannun riga. Lokacin kakar wata halittar ruwa ke nan da suke kira kirofish, mai kama da babban jatan lande, amma a fadama da gonakin shinkafa take rayuwa.

Ka fara da garin Breaux Bridge, tafiyar kusan awa biyu a mota daga New Orleans. Tun 1959 majalisar dokokin jihar ta yi masa laƙabi da babban birnin kirofish na duniya, kuma duk farkon watan Mayu ana yin bikinta a can. Da yawa daga cikin mutanen yankin jikokin masu jin Faransanci ne da Turawan Ingila suka kora daga gabashin Kanada tun daga 1755. Da suka sauka a wannan ƙasa mai dausayi, sai suka koyi cin abin da ruwa ya ba su. A yau Louisiana ce ke samar da mafi yawan kirofish ɗin Amurka, wani daga dausayin Atchafalaya, wani daga gonakin da ake cika wa ruwa bayan an girbe shinkafa.

Girkin ba shi da wuya. Ana tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya da gishiri, barkono, tafarnuwa, albasa da lemon tsami. A jefa dankalin turawa da masara, sannan a zuba kirofish da ransa. Idan ya yi ja sai a kashe wuta, a bar shi ya jiƙa ya sha yaji, a tsame a juye a kan tebur. Da awo ake sayarwa, kuma babban mutum kan tashi da fam 3 zuwa 5, wato kusan kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da 'yan kai. Kada yawan ya ba ka tsoro, galibinsa ɓawo ne, naman yana cikin wutsiya.

Wanda ka saba gani a Legas da Abuja, mai zuwa cikin leda yana ninƙaya a bota da tafarnuwa, daga baya ya samo asali. 'Yan Vietnam da suka yi hijira zuwa gaɓar tekun kudancin Amurka bayan 1975 ne suka ƙara wannan salo, ya yi ƙarfi a birnin Houston, gidajen abinci suka yaɗa shi da jatan lande da ƙaguwa.

Abin da zai burge ka a matsayinka na mai iyali shi ne, wannan abinci ba ya ciyuwa da gaggawa. Sai ka murɗe kai, ka ɓare wutsiya, ka fasa ƙafar ƙaguwa. Hannu ya yi dumu-dumu da yaji, don haka ba mai taɓa waya. Uba na ɓare wa ƙaramin yaro, yaya na koya wa ƙanwarta, hira na tafiya. Ga wanda ya tashi ana cin tuwo a kwano ɗaya, wannan ba baƙon abu ba ne.

Sai dai kafin ka kwashi iyali, a can ne ko a nan gida, ka kula da abubuwa huɗu.

Na farko, jikin wasu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa, kuma matsalar na iya bayyana ko da mutum ya girma. Idan yaro bai taɓa ci ba, ba shi kaɗan ka sa masa ido. Ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko amai alamu ne na a dakata. Idan numfashi ya fara sarƙewa ko murya ta shaƙe, a garzaya asibiti nan take. Wanda aka san yana da matsalar, ko masarar da aka dafa a tukunya ɗaya kada ya ci.

Na biyu, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Ruwan dahuwar nan gishiri ne zalla, dankali da masara kuma suna tsotse shi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya nemi a kawo masa romon botar a gefe, ya rage dangwala.

Na uku, ka tambayi abin da ke cikin tukunya. A Louisiana an saba jefa tsiran alade a ciki, wasu ma kan zuba giya a ruwan dahuwar. Cire shi daga ledarka bai wadatar ba idan tare aka dafa, don haka ka yi tambaya tun kafin ka yi oda.

Na huɗu, dahuwa da ajiya. Ɗanyen kirofish ko ƙaguwar ruwan daɗi na iya ɗauke da tsutsar da ke kama huhu, amma dahuwa sosai na kashe ta. A garuruwan da ke nesa da teku, inda wuta ke ɗaukewa, hanci ne alƙali: naman da ke wari mai hawa kai ko ya yi laushi yana dagargajewa, a mayar da shi. Ragowar da za a tafi da ita gida ta shiga firji cikin awa 2.

Ka nemi marar yaji ga yara, ka ɓare musu da kanka don gudun ɓawo ya maƙale a wuya, a wanke hannu da sabulu kafin wani ya sosa ido. Kuma tun da da awo ake lissafi, ka san kuɗin kowane kilo kafin a ɗora tukunya.